Abin da Likita Ya Ce da Baba

Yaya Ngan,

Ina gaishe ki. Ya yara, ya damina a garin Hue? Mu nan Melbourne lafiya lau, sai dai Baba ya ɗan rame.

Ina nan ina zuwa ajin Turanci. Kwanan nan aka koya mana kalmomin bayyana sirri da na wahayi, na haddace su tsaf. Turancina ya ƙaru, shi ya sa a asibiti na gane duk abin da likita ya faɗa kan huhun Baba. Da likitan ya ce in fassara wa Baba, sai na ce, "Baba, wai ka riƙa cin abinci sosai."

A mota Baba ya ce, "Thuc, duk dogon bayanin nan a kan shinkafa? Bar wahalar da kanki. Uwarku ta zo mini a mafarki, ta ce ta gyara mini wuri."

Ki kunna wa Mama turare a gaban hotonta, ki kuma fara neman bizar zuwa nan. Baba ya ce kada in gaya miki, don haka ban gaya miki komai ba.

Ƙanwarki,
Thuc