Robar Hannun Babur

Daren Laraba, unguwar Manawashi.

Da na ɗauka robar hannun babur mai kauri ta fi daɗin riƙo, har na naɗa robar taya a kan tawa. Yau gargadar hanyar ƙauyen da nake koyarwa ta kashe min yatsu. Alli ya gagare ni riƙewa, ga jarrabawar 'yan aji shida ta matso.

Na biya wurin Danladi bakanike a Jekadafari. Ya yi dariya ya ce, "Malam, taɓarya ka ɗaura wa babur? Damƙe wannan siririyar. In yatsunka sun taɓo tafinka, taka ce."

Sun taɓo, ya saka min. Jikina duk ciwo yake, amma na iso gida ban tsaya yarfe hannu ko sau ɗaya ba.