Ba Ku Gina wa Kwarinmu Dare Ba

Zuwa ga autana Laminu, can ƙasar sanyi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka, da ta iyalinka Aisa, da ta abokan aikinka waɗanda ban san sunayensu ba amma na ji labarin jan idanunsu. Mu nan Gure lafiya lau, sai godiyar Allah. Dabino ya fara nuna.

Ka san ban yi lekol ba, ban iya rubutun boko ba. Yayarka Zainabu ce ke buga wannan a salularta, ni ina faɗa, kuma na hana ta gyara mini baki. Ta ce ba a baza wasiƙar uba a kasuwa. Na ce ai kasuwar nake so. An gaya mini ba ka ɗaukar kira, amma duk abin da baƙi suka rubuta a kan wasan bidiyon nan da kuka fitar kana bi kana karantawa, har da zagin. To ga ni na shiga layin baƙin. In ka iso kaina, ka dakata.

Aisa ta gaya wa yayarka komai, kada ka yi mata faɗa. Ta ce masu kamfaninku sun tsayar da ranar fitar da wasan tun aikin bai nuna ba, don ya riski lokacin da mutanen can ke sayen kyaututtukan ƙarshen shekara. Ta ce wata da watanni a biro, wato ofishinku, kake kwana, kan kujera, da takalmi a ƙafa. Ta ce ka yanke jiki ka faɗi a bakin matakala, aka kai ka likita, aka ƙara maka ruwa, aka ce ka ajiye aiki ka huta wata guda. Kai kuwa ana cire allurar sai ka koma biro, wai wasan ya fito da ɓaraka, sai an ɗinke.

Ina tuna zuwanka da na'urorinka, shekarar da ruwa ya yi kyau. Ka ce za ka sa garkarmu ta cikin kwari a wasa. Na ce ba a wasa da wurin da kakanka ya haƙa da hannunsa. Kwana da kwanaki ina ɗaure fuska, kai kuma kana bina da abin ɗaukar sauti kamar akuya ta ga dusa. Abin da ya karya ni magana ɗaya ce. Ka ce, “Baba, so nake wanda bai taɓa taka rairayi ba ya gangaro kwarinmu ya ji sanyinsa.”

Ka ɗauki kukan kurciya. Ka ɗauki ƙarar igiya a bakin rijiya. Ka kwanta rigingine ƙarƙashin dabino kana ɗaukar iska, har na yi zaton ka yi barci. Da rana ta yi gora sai ka ƙi tashi. Ka ce nan ne zuciyar aikin: lokacin da tudun rairayi ke barin ja ya koma toka, sanyi ya taso daga ƙasan kwari ya kama ƙafa, tauraruwa Zara ta fito ita kaɗai. Na zauna na jera wa na'urarka sunayen taurari kamar yadda kakarka ta jera mini, ni da ko masu rediyo ban taɓa ba muryata ba.

Shekaranjiya na sa Zainabu ta buɗe mini wasan. Ta riƙe mini yatsa har na iya tafiyar da ɗan mutumin nan mai rawani.

Laminu, na shiga. Ban san yadda zan gaya maka ba. Na gangara tudun nan na gabas, ƙafata ba ta yi ciwo ba. Ga dabinon mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, da karkacewarsa, ba ka miƙe shi ba. Ga kurciyar. Na tsaya ina jiran in ji an kira ni cin tuwo.

Na ga abubuwan da ake zaginku a kansu. Raƙumi ya bar ƙasa yana tafiya a iska, ƙafafunsa na motsi ba su taɓa komai. Wani mai jaki ya nutse a rairayi har wuya, yana ta gaishe ni. Yayarka ta yi dariya har da hawaye. Ni ban ga abin zagi ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gidigir da tsakar rana a bazara ya ga raƙumi a sama. Wannan kada ya hana ka barci.

Rijiyar ce ta fara ɓata mini rai. Na jefa guga na ja, na sake ja, na yi ta ja har yatsana ya gaji. Ruwa garau, ba ya raguwa. Kai ka san rijiyar kwari ba haka take ba. Ana ja har ruwan ya fara gurɓacewa, sai a bar ta ta kwana, ta tsatso, da safe a tarar ta cika. Ka manta ranar da kake sauri ka gama ban ruwan albasa duka don ka tafi kallon kokawa? Ka ja har guga ya riƙa fitowa da rairayi, gindin ya zube, muka yi mako muna yashewa, albasar ta ƙone. Na ɗauko tsumagiya, mahaifiyarka ta tare ƙofa. Ta ce, “Yaron bai san ruwa ma yana gajiya ba.” Yanzu kuwa ka sani. Wanda ya sa ka zana rijiyar da ba ta gajiya, ina jin haka yake kallonku ku ma.

Sai na ce bari in jira magariba, tunda ita ce zuciyar aikin. Na kai ɗan mutumin gindin dabino na tsayar da shi. Na yi azahar na dawo, rana tana nan inda na bar ta. Na yi la'asar na dawo, inuwa ba ta matsa ko taki ɗaya ba. Aka kira magariba a Gure, kaji suka hau, awaki suka shigo gida, amma a cikin gilashin salular nan hantsi ne tsaye cak. Kurciyar tana ta kuka, ba ta da sheƙar komawa.

Zainabu ta duba ta ce lokaci ne ya ƙure muku, aka yanke daren, wai za a ƙaro shi daga baya. Taurarin da na jera suna can ajiye a wata na'ura.

Ban ji haushin taurarina ba, suna nan sama, ba inda suka je. Abin da ya tsaya mini a rai, na gane inda kake zaune. Ka gina gari ba dare, ka shiga ciki ka rufe ƙofa.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba. Watan nan da likita ya ce, ka karɓe shi cif, ka ɗauko Aisa ku zo. Ku sauka Yamai, ku biyo mota ta Damagaram, zan sa a share ɗakin nan mai kallon kudu. In masu kamfanin sun ce wasan zai lalace, ka ce musu tsohon da ya ba da kwarinsa ya gani ya ce ya yafe. In sun ce za su ba wani kujerarka, su ba shi, Allah ya ba shi lafiyar baya. Kujera ana samun wata. Ni auta ɗaya gare ni, kuma shekaruna sun wuce na jiran “daga baya”.

Ku kuma da kuke karanta wannan ta bayan kafaɗata, masu zagi da masu yabo, kun sayi abu kun tarar bai nuna ba, kuna da gaskiyar fushi. Amma ku sani mai ɗinke muku ɓarakar nan ɗan wani ne, kuma da ramin allura a hannunsa yake yi.

Laminu, ɗan nan nawa. Da na gaji da jira na tambayi yayarka inda ake dannawa mutumin ya kwanta. Ta bincika ko'ina, ta ce akwai na gudu, akwai na tsalle, akwai na jan ruwa, na kwanciya ne babu. Ta ce in kashe wasan kawai. Na ƙi. Ban iya kashe shi yana tsaye cikin rana ba. Sai na kife salular kan tabarma, na cire hulata na rufa mata, na ce kowa ya yi magana a hankali. Yayarka ta ce na tsufa. Ta kwana ba salula.

Iyakar duhun da na iya yi masa ke nan. Naka yana nan, cikakke, ba wanda ya yanke shi. Ka zo ka kwanta a cikinsa.

Allah ya sanyaya maka ido, ya kwance maka kafaɗa, ya ba ka barcin da ba mai tashinka sai kiran asuba. Allah ya tausasa zukatan waɗanda ke sa muku rana. Allah ya kawo ka ina da ran da zan ji sallamarka a ƙofa. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Abdu mai dabino, Gure.