Littafin Baba Banda

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule Makanike,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'imarsa. Gida lafiya lau. Hajiya tana nan da ciwon gwiwarta, indararon soron da kake ta faɗa a kansa kuma an gyara shi. Dalilin wannan wasiƙa shi ne abokinka Mista Bandara, wanda tun muna yara muke ce wa Baba Banda.

Ka san tun da aka rufe masaƙar da kuka yi aiki tare bai koma Siri Lanka ba. Yana nan Bompai a ɗakin nan nasa, har yau masu gadin layin Ba'indiye suke ce masa, ya gaji da gyara musu. Idonsa ya tafi, Baba, haske da duhu kawai yake bambancewa. Likita kuma ya ce zuciyar ta gaji, ba a sa ran zai daɗe. Da na je duba shi, kamar yadda ka bar min amana, abu ɗaya ya roƙe ni: in samo masa littafin koyarwar Buda, mai gajerun baitoci, irin wanda mahaifiyarsa take karanta masa yana yaro. Nasa littafin ruwa ne ya cinye shi shekarar da rufin ɗakin ya yi yoyo. Yana so ya ji shi kafin ya tafi.

Na ce to, a zatona littafi ɗaya ne. Ashe ban sani ba.

Na fara da kasuwar Kurmi, wurin mai littattafan da kake saye a hannunsa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko lafiya nake. Na ce lafiya ƙalau, na kama hanyata. Sai a waya na samu, kuma a nan ne kaina ya ɗaure. Akwai ƙato mai sharhi, layi biyu na matani, shafi guda na bayani, kamar littattafanmu na zaure. Akwai na aljihu, Turanci zalla. Akwai mai rubutun ƙasarsu mai zagaye-zagaye, wanda ko a kife aka ba ni ba zan gane ba. Akwai na kyauta da ake saukewa a waya. Sannan akwai na saurare, wani malaminsu yana rerawa da asalin harshen littafin.

Na zaɓi na saurare. Mutum ba ya gani, me zai yi da takarda? Kuma ba sai na shigo da komai cikin gida ba. Na kai masa, na kunna, na ajiye wayar kusa da matashinsa ina jin na gama aikina.

Da farko fuskarsa ta saki. Can sai na ga yana buɗe baki zai bi karatun, kafin ya haɗa numfashi mai karatun ya wuce layi uku. Ya sake gwadawa, aka sake barin sa a baya. Sai ya ɗaga hannu ya ce in kashe, wannan mutumin ba ya jiran kowa. Ya juya fuskarsa bango.

A cikin adaidaita sahu, muna shigowa ta Ƙofar Kabuga, na gane abin da yake so. Biyawa yake so a yi masa, Baba. A faɗi layi, a dakata, ya maimaita, yadda kake mana bayan asuba. Ashe haka tasa uwar ma take yi masa. Rikoda kuwa ba ya biya wa kowa karatu.

Don haka sai na koma neman bugun da ni zan iya karantawa: asalin harshen da haruffan boko, Turanci a ƙasan kowane baiti. Turancin nan don kaina nake neman sa, ba na son bakina ya furta abin da ban sani ba. Bugu ɗaya ne ya cika wannan sharaɗi, wani abokina ya aiko min da shi daga Legas. Na buɗe leda, sai ga hoton mutum-mutumin Buda ya cika bangon, ruwan zinariya, yana ta ƙyalli.

Hajiya ta kalle shi sau ɗaya. Ta ce ta san hakkin abokinka, tuwon da take aika masa ma ba za ta fasa ba, amma hoton nan ba zai kwana a ɗakin da littattafanka suke ba. Ban yi musu da ita ba. Na san wasu da za su karanta wasiƙar nan ma za su tsaya daidai nan su fara rubuta min nasiha. Na gode musu. Na riga na tambayi limaminmu, ya ce karanta wa mara lafiya daban, imani daban, amma kalmar bauta kada ta fito daga bakina. A kan haka na tsaya.

Maganar hoton kuwa, kai ka warware ta. Na tuna yadda kake cewa littafi ba ya kwana ba riga. Na samo takardar buhun siminti, na kakkaɓe, na goge, na yi masa riga irin taka: lanƙwasa biyu a kowace kusurwa, ɗan harshe a cusa ta ƙeya, babu gam, babu salatif. Hannuna ne kawai ya yi, ban ma san ban manta ba.

Da na miƙa masa littafin sai ya fara shafa shi. Yatsunsa suka je kusurwa suka tsaya. Ya koma ɗaya kusurwar, ya laluba harshen nan na ƙeya. Sai ya kira sunanka. Ya ce duk littattafan injinan masaƙa haka ka yi musu riga don kada baƙin mai ya ɓata su, ko cikin dubu zai gane ninkinka. Ya rungume littafin a ƙirji. Shi bai yi kuka ba. Ni ne na fita baranda, don tun ranar da muka kai ka ban ji kewarka irin ta wannan rana ba.

Yanzu duk Asabar da Lahadi bayan la'asar ina can. Shafin farko, inda suke girmama Buda, shi yake faɗa da kansa, ni daga na biyu nake kamawa. Karatuna ba daɗi, na sani, harshena na ɗan unguwar Gwale ne. Amma ina jiran sa. In ya gaji mu tsaya, in ya yi barci in rufe in taho. Mun wuce rabi kaɗan. Numfashinsa yana raguwa, ban san ko za mu kai ƙarshe ba.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa Hajiya ba. Kwanakin nan, in na yi sauri, sai ya taɓa hannuna ya ce, "Sule, dakata mana." Ban taɓa gyara masa ba, dakatawa kawai nake yi.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Shi kuma abokinka, Allah ya sassauta masa, ya nuna masa abin da ka daɗe kana roƙa masa. Ni kuma Allah ya ba ni ikon sauke amanar nan.

Ɗanka,
Nasiru