Baba Ba Ya Gaya Wa Likita Komai Sai "Da Sauƙi"

Anti Saudatu, don Allah ki agaza min, kaina ya kulle, ko zama wuri ɗaya ba na iya yi.

Mahaifina manomi ne a Lajawa, ni kuma ina aure a cikin Wudil, don haka duk ranar asibitinsa gidana yake sauka, ni nake raka shi. Tun bara likita ya ce zuciyarsa ce ta yi rauni, ya ɗora shi a kan magani. Mutumin da a da shi kaɗai yake nome gonarsa, yanzu daga soro zuwa masallacin ƙofar gida sai ya dafa bango ya huta. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya daina shiga, sai silifas. Ko ƙailula ba ya iya yi a kwance, sai a jingine. Amma da mun shiga gaban likita aka tambaye shi jiki, sai ya gyara hula ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Numfashi da sauƙi, barci da sauƙi, tafiya kuwa ai kullum yana jam'i. Ba ƙarya ya yi ba, yana zuwa jam'in, amma ni na san yadda yake isa.

Ga kuma ƙwayar da ke sa fitsari. Ba ya shan ta, wai tana yawan karya masa alwala, sai ranar asibiti ta gabato ya dinga sha, kumburin ya ɗan saɓe. Zuwanmu na ƙarshe layi har waje, likita ya duba shi, ya ce tunda yana zirga-zirgarsa ba wahala to ciwon bai yi nisa ba, ya bar maganin yadda yake, har ya ƙara mana nisan ranar dawowa.

Anti, ni 'yar fari ce. Baba ko sunana ba ya faɗa, ni ma ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ta yaya zan buɗe baki gaban baƙo in ce ba haka ba ne? Na gaya wa ƙanena Garzali, ya ce in bar tsoho da tawakkalinsa. Inna ta ce ba ruwanta. Wallahi haushin Baba nake ji, kuma na fi jin haushin kaina. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai in ɗauka mummunan labarin Baba ne. In yi magana in kunyata shi, ko in yi shiru ina kallo yana ƙarewa?

'Yar Fari, Wudil

'Yar Fari, sannu da ɗawainiya. Kar ki ji haushin Baba. Haka aka raine shi, kuma a wurinsa kai ƙarar ciwo gaban mutane kamar rashin godiya ne ga Allah. Kunyarki ma tarbiyya ce. Sai dai "da sauƙi" amsar gaisuwa ce, likita kuwa ba gaisuwa yake yi ba. Da abin da aka gaya masa yake gane inda ciwo ya kai, ya san maganin da zai ƙara ko ya rage. An ba shi rabin labari, ya yi aiki da rabin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni ba likita ba ce, amma abin da kika lissafa ya isa ya sa ku koma a makon nan, kar ku jira ranar da aka ba ku. Kuma ba dole sai kin ƙaryata shi a gabansa ba. Ki riga shi shiga, ki faɗa wa likita ko nas duk abin da kika faɗa min, har da batun ƙwayar da alwala, don su suka san lokacin shan da zai fi masa sauƙi. Likita zai san yadda zai yi tambayarsa.

Sannan ki nemo taubashinsa ko wani tsohon abokin wasansa ya raka ku. Abin da ke ba za ki iya furtawa ba, shi zai faɗa cikin tsokana, a yi dariya, Baba bai zubar da girma ba. Garzali kuma ki ce masa neman magani ba ya kore tawakkali, ya zo ya ɗauki nasa rabon. In kuwa numfashi ya fara yi wa Baba wuya yana zaune, a kai shi asibiti nan take.

Ko da Baba ya gane ya yi fushi, ki jure. Fushin uba yana hucewa, kuma sai yana raye zai huce. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya yi miki albarka.

Anti Saudatu