Bitamin E Uku a Rana da Haɓon Baba

Salamu alaikum Anti. Don Allah ki shiga tsakanina da ƙanwata tun kafin zumunci ya lalace.

Ni mai walda ne, shekara ashirin ina haɗa ƙofofi da tagogi, na san tsatsa kamar yunwar cikina. Da na ji a rediyo cewa jikin mutum ma yana yin irin tasa tsatsar, kuma bitamin E ne ke tare ta, sai na ce to, an zo wurin. Babanmu ya tsufa, ga ciwon zuciya. Na sayo masa ƙwayoyin nan masu mai a ciki, masu ƙarfin. An rubuta ɗaya a rana, ni kuwa uku nake ba shi, don a sana'ata ƙofar da ta sha fenti hannu uku ita ke ganin damina goma. Wata huɗu ke nan.

Makon jiya Baba ya yi haɓo har ya jiƙa hankici biyu, ga wasu tabo baƙi-baƙi a damtsensa. Ƙanwata, wai ita ma'aikaciyar jinya, ta zaƙulo kwalbar ƙwayoyin a bayan rediyonsa, ta wanke ni tas a gaban matata, wai zan kashe mana uba tunda yana shan maganin tsinka jini. Ni! Ni da nake yi masa wanka, nake yanke masa farce, ita kuwa sai ran hutu take leƙowa da ledar lemo. Yarinyar da na goya! Wallahi abin ya ci mini rai. Ta tafi da kwalbar, na sayo wata, tana nan cikin akwatin kayan aikina. Ba zan daina ba sai an gamsar da ni. Tun yaushe bitamin ya zama guba? Haɓo kuwa ai zafi ne.

Mai walda

Wa alaikumus salam Malam mai walda. Allah ya saka maka da alheri bisa hidimar mahaifi. Ƙanwarka ta yi kuskure da ta tozarta ka gaban iyalinka, amma a kan maganin ita ce da gaskiya.

Abin da ka ji a rediyo haka yake. Bitamin E yana zama cikin maiƙon da ya kewaye ƙwayoyin halittar jiki, yana tare abubuwan da ke lalata su. Sai dai hanji yana tsotse shi tare da maiƙo, hanta ta rarraba shi, jiki ya adana shi cikin kitse. Ba ya saurin fita, na yau kan na jiya yake hawa. Idan ya yi yawa yana hana jini daskarewa, Baba kuma da ma yana kan maganin tsinka jini. Wannan haɓon gargaɗi ne. Jinin da ya fito ta hanci yana iya ɓallewa a ciki, inda hankici ba ya kaiwa.

Ka daina ba shi bitamin ɗin daga yau ɗin nan. Kada ka taɓa maganin zuciyarsa. Ka kai shi wurin likitansa yau, ka faɗi gaskiya: uku a rana, wata huɗu. Ɗan abin da jiki ke buƙata, yawancin mutane suna samunsa a gyaɗa, man girki da ganye.

Ita kuma ƙanwar taka, kira ta ta raka ku. Ba sai ka ce ta yi gaskiya ba. Buɗe akwatin nan ka miƙa mata kwalbar, za ta gane.

Allah ya ba Baba lafiya, ya haɗa kanku.