Tuwon Kasuwa a Garin Uwata

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Lami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta wajaba ɗa ya yi wa uwa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a inda kike kwance, ina sanar da ke cewa yau na shigo Keffi. Na san abin da za ki ce: sai yau? E, sai yau. Shekara biyu da wata huɗu ke nan da muka kai ki makwancinki a Funtuwa, kuma tun ranar nake ɗauke da saƙon da kika ba ni zuwa ga yayarki Asabe, cewa ta yafe miki rashin zuwa jinyar Kaka da baƙaƙen maganganun da suka biyo baya.

Masu bibiyata a shafin nan sun ɗauka yawon buɗe ido nake yi. To su karanta, yau su ji gaskiya. Na rataya jakar gyaran waya na bi garuruwa, Jos, Yola, Bida, Lakwaja, in gyara waya, in ci abinci, in ɗauki hoto su yaba. Sau uku motar da nake ciki tana ratsa Keffi, sau uku ina jawo hula in rufe fuska kamar mai barci.

Yau na sauka da hantsi. Kwatancen gidan yana aljihuna, a takardar da na rubuta tun a asibiti: bayan tsohuwar kasuwa, gida mai tsamiya a ƙofa. Tafiyar minti goma ce. Sai na ce wa kaina bari in fara ganin gari, ai ba a shiga gidan mutane da yunwa.

Inna, masar da na fara ci a bakin tasha, da kin gan ta da kin zubar wa kaji, kajin ma da sun dube ki. Man da aka soya ta da shi ya yi baƙi kamar na inji. Da zafinta aka cusa ta a leda, ta yi gumi, ta yi tsami. Kunun zaƙin da na kora da shi kuwa, zaƙinsa na magani ne, irin wanda ke maƙalewa a maƙogwaro har azahar. Na ɗauki hoto duk da haka. Hannu ya saba.

Na taɓa karantawa a wani tsohon littafi mara bango da na saya a bakin titi cewa sunan garin nan daga kafi ya fito, wato shingen itace da mutanen farko suka kafa don tsare kansu. Na tare wasu ɗalibai uku, kowa da jaka a baya, na tambaye su inda zan ga ragowar ganuwa. Ɗaya ya ce mini, rabi Hausa rabi Turanci, in tambayi wayata. Na ce masa wayar da yake taƙama da ita ni nake buɗe cikinta, kuma ban taɓa samun hankali a ciki ba. Suka yi dariya suka wuce. Ganuwar da na gani a garin nan ta bulo ce, an zagaye filaye da ita, babu kowa a ciki sai ciyawa. Mutanen Abuja sun saye, sun kulle, ko kwana ɗaya ba su taɓa yi a Keffi ba.

Na hau dutsen nan da kika ce kabarin Baturen da aka kashe a zamanin kakanni yana kansa. Hanyar hawa sai ka riƙa duba inda za ka sa ƙafa, don wasu sun mai da gindin duwatsu masai. Ina haki na kai sama. Gari ya shimfiɗu a ƙasa, kwano sai ƙyalli yake a rana. Daga can na hango tsohuwar kasuwa, na hango kan wata tsamiya a bayanta. Na juya mata baya na ɗauki hoton ɗaya ɓangaren.

Rafin da kika ce kuna wanka a ciki kuna 'yan mata, na je. Leda ce da robobin ruwa, ana wanke babura a gefe, baƙin mai yana yawo a sama. Ban daɗe ba.

Da rana ta take na shiga wata rumfar abinci na ce a ba ni tuwo da miyar riɗi, tunda ƙasar riɗi na zo. Ke kika lalata mini baki, Inna. Ina tuna yadda kike wanke riɗi ki surfe shi ki shanya, ki soya a kasko sama-sama har ya fara tsalle, sannan ki daka da daddawa da busasshen kifi. Abin da aka ajiye mini yau gyaɗa ce tsagwaronta, an tsuga ruwa, an jefa dunƙule har harshe yana ƙaiƙayi. Kin san bakina. Na ɗaga murya na tambayi tsohuwar da ke da rumfar ko riɗin a mafarki ya wuce ta kan tukunyar. Mutane suka daina cin abinci suna kallo.

Ba ta yi fushi ba. Cewa ta yi, “Ka yi haƙuri ɗana, riɗi manyan motoci ke kwashewa. Kuma 'yata ne ya dafa, bai iya ba tukuna.”

'Yata ne ya dafa. Lomar da ke hannuna ban san lokacin da ta koma kwano ba.

Haka kike magana. Ke Bagwandariya ce, a harshenku ba a raba mace da namiji, don haka a Hausarki kowa “shi” ne. Matan gidanmu na Funtuwa suna kwaikwayonki in kin ba da baya, ni kuma kunya nake ji. Ni da na tsaya a aji huɗu, na koya wa kaina karatu da takardun naɗe ƙosai, sai na ɗauka na zama malami, kuma ke ce ɗalibata ta farko. A asibiti, numfashinki yana fita da ƙyar, kika riƙe hannuna kika ce, “Ka je Keffi wurin Yaya Asabe, ka ce masa ya yafe mini.” Ni kuwa na ce, “‘Mata’ ake cewa, Inna. ‘Ta yafe’ ake cewa.” Kika dube ni, kika ce, “To, mata.” Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Kina neman gafara, ni ina gyara miki Hausa.

Duk ƙazantar da na gani yau, ta dutse da ta rafi da ta tukunya, babu wadda ta kai wannan muni. Na ba tsohuwar haƙuri, na wanke hannu, na nufi bayan kasuwa.

Iya Asabe tana nan da ranta. Na same ta a kan tabarma a tsakar gida tana tsince wake. Kafin in faɗi sunana ta ce goshin ya isa, naki ne sak. Labarin rasuwarki ya zo mata tuntuni ta bakin wani direban motar doya. Na durƙusa na isar da saƙo, kalma da kalma yadda kika faɗa, ban gyara komai ba. Ta ture tiren waken gefe, ta share ido da bakin zane. Ta ce, “Ƙanena ne fa. Na yafe masa tun ranar da aka ce ya tafi. Ni ma ya yafe mini.”

Kin ji, Inna. An yafe miki. Kin fita.

Ni ne ban fita ba. Ta kamo hannuna za ta sa mini albarka, sai ta tsaya, ta sunsuna yatsuna. Ta tambayi yaushe na shigo gari. Na ce da hantsi. Ta tambayi inda na ci abinci. Na faɗa, har da masar tasha. Ba ki taɓa gaya mini ba, ko kin gaya mini ina can ina karatu, cewa wanda ke da gida a gari ba ya sayen tuwo kafin ya yi sallama a gidan. Ta saki hannun nawa kamar ta taɓa wuta. Ta ce, “Gidan uwarka yana gari, ka je ka zauna a benci kamar wanda ba shi da kowa? Gobe a ce an ga jikan gidan nan yana cinikin miya. Uwarka ya mutu, na yafe masa. Kai kana da rai, naka sai na yi tunani.”

Ta ɗauki jakata da kanta ta jefa ɗaki ta ja ƙofa. Ta ɗebo riɗi a kwano ta zuba ruwa. Na ce mata na ƙoshi, ta ce wannan damuwata ce. Na ce gobe da safe zan wuce Lafiya, ta ce Lafiya ba gudu take ba, kuma tunaninta ba ya ƙarewa a kwana ɗaya.

Ga ni nan zaune a ƙofar gida ina rubuta miki wannan, la'asar ta yi sanyi, cikina cike da mugun tuwo, ina jin ƙarar turmi daga ciki. Zan cinye duk abin da ta zubo, ko zai kashe ni.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yalwata kabarinki, ya haɗa ki da Kaka cikin aminci. Allah ya ƙara wa Iya Asabe kwana da lafiya. Ni kuma ya koya mini riƙe bakina. Ki yafe mini, da duk Hausar da kika ga dama.

Ɗanki mai kaifin baki,
Bala