Raka'a Huɗu a Tsakanin Motoci

Highbridge, Bronx,
Talata, bayan La'asar.

Zuwa ga Yayana, Malam Dikko,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙani ga wansa, da girmamawa da kewar da shekaru ashirin da biyu ba su rage ba. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya gwiwar taka? An ce har yanzu a zaune kake sallah, Allah ya kawo sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan muna lafiya. Rabi hawan jininta ya sauka tun da ta rage gishiri, ko da yake mu ne muke shan wahalar miyar. Aishatu Humaira tana nan tana aikin jinya, ta fita da sassafe ta dawo a gajiye, amma kwanakin nan ko a gajiye take sai ka ji tana 'yar waƙa a kicin. Ka san dalili.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, alhali kullum muna waya. To, na san halinka, Yaya. In aka aiko maka da saƙon murya, a zaure kake buɗewa, ka ƙure sauti, har mai sayar da ruwa a ƙofar gida sai ya ji. Wannan magana kuwa ba ta zaure ba ce. Shi ya sa na ba Souley, maƙwabcinmu mai shagon turare, wanda zai bi ta Katsina a hanyarsa ta Maradi, na ce ya damƙa maka hannu da hannu. In ka karɓa, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa tukuna.

Kai ne waliyyin Humaira, kuma wurinka mutanen Tajuddeen za su zo daga Zariya neman aurenta bayan Sallah. Yaron ba shi da makusa. Mahaifinsa ya rasu, don haka ƙanin mahaifin, Malam Tamimu, wanda ke zaune a unguwar Tremont nan kusa da mu, shi dangi suka ɗora wa binciken gidanmu, kuma abin da ya ce shi za a yi. Ya zo mana gaisuwa watan jiya, dogo ne mai furfura, ba ya magana sai ta kama. Ya tambayi limaminmu, ya tambayi maƙwabta, kowa ya ce Alkasim mutumin kirki ne, daga asibiti sai gida sai masallaci. Ba ƙarya suka yi ba, abin da suka sani ke nan. Kwana shida suka sani a cikin bakwai.

Yaya, caca nake yi. Na daɗe riƙe da biro kafin in iya rubuta kalmar. Shekara uku ke nan, duk ranar Laraba. Ka tuna ranar da ka kama ni ƙarƙashin dalbejiyar bakin kasuwa ina karta da yaran mahauta, ka ja ni da kunne har gida? Ashe kunnen kawai ka ja, halin ya zauna ya jira ni. Laraba ce ranar hutuna a asibitin da nake ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi, amma na ce wa Rabi ƙarin aiki nake yi. Baiwar Allah takan tashi ta zuba min dambu a kwano, ta ce kada in zauna da yunwa a wurin aiki. A cikin bas nake cin damben nan, kuma wallahi ban taɓa jin daɗinsa ba.

Bas ɗin yana tashi ƙarfe tara da rabi daga wata kwana nesa da unguwarmu, tafiyar sa'a biyu zuwa gidan cacar. Ina ninke hulata in sa a jaka, in ɗora hana-salla, in zauna a kujerar baya. Fasinjojin yawanci tsofaffi ne 'yan fansho, wasu da sandar dogarawa. Direbanmu Kofi, mutumin Kumasi, yana jin Hausar zango sarai, amma tun ranar farko ya gane ba na son a gane ni, bai taɓa yi min ita ba. Wasan da nake yi sunansa foka. Ana ba kowa kati biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiyar tebur, sauran aikin duk karatun fuska ne: wa ke da kaya, wa ke cika baki. Ba a taɓa kuɗi a teburin, sai ka canza a ba ka wasu ƙwandaloli na roba masu launi, waɗanda ba su sayen ko ashana in ka fita daga ginin. Akwai wata tsohuwa mai robar iskar numfashi a hanci da ke zama kusa da ni, tana kirana likita, tana ba ni alewa. Akwai wani tsohon ɗan kwana-kwana da kunnensa kan yi ja duk lokacin da ya samu kati mai kyau, shekara uku bai san na sani ba.

Ba zan ɓoye a bayan uzuri ba, amma ina so ka san yadda abin yake. Ban taɓa kuɗin haya ba, ban ci bashin kowa ba, kuma abin da nake aiko muku bai taɓa yankewa ba. Ƙaramin tebur nake zama, ƙarfe biyar ina cikin motar dawowa. Abin da ke kai ni shi ne, a wurin nan ne kaɗai ba wanda ke neman komai a wurina. Waya a kashe, ba mara lafiya, ba mai kiran Baba, ba mai kiran Kawu. Na sha gaya wa kaina wai hutu ne irin na masu zuwa kamun kifi. Amma zuciyata ba ta taɓa yarda ba, kuma ga shaida. Idan Azahar ta yi, nakan ce wa tsohuwar ta duba min kujera, in yi alwala, in fita can ƙarshen filin da ake ajiye bas-bas, in shimfiɗa 'yar dardumata tsakanin motoci biyu. Nisan ya kai na kasaru, amma ban taɓa yin raka'a biyu ba. Kai ka karantar da ni cewa tafiyar saɓo ba a yi mata kasaru. Huɗu nake cikawa, in naɗe darduma, in koma teburin. Ka ga irin haukan ɗan Adam.

To, rana dubu ta ɓarawo. Laraba uku da suka wuce, na tayar da sallah ke nan, ina cikin Fatiha, sai na ji an taɓa kafaɗata, mutum ya tsaya a damana. Ka san al'adarmu, in ka tarar da ɗan'uwa yana sallah shi kaɗai, ka taɓa shi ka bi shi, ya zama liman. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka wani direba ne Balarabe ko ɗan Senegal, don ya taɓa faruwa. A ruku'in raka'a ta uku, wata jar ƙwandala da na manta a aljihun gaban riga ta zame ta faɗo. Ina jin ƙararta a kan kwalta. Ta gangara a tsaye kamar taya, ta yi 'yar kewaya, ta je ta jingina da babban yatsan mutumin. Ni liman ne, ba halin in tsaya, ba halin in miƙa hannu. Ban san abin da na karanta a raka'ar ƙarshe ba. Da na yi sallama na juya dama, sai ga furfurar Malam Tamimu, sanye da rigar direbobi. Ashe bas yake tuƙawa, yana kawo fasinja daga Queens, ni kuwa da aka ce min direba ne ban taɓa tambayar ina yake zuwa ba.

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Ya gama tasbihinsa a natse, ya shafa addu'a, ya ɗauki ƙwandalar ya juya ta gaba da baya, ya sa a aljihu. Ya ba ni hannu, ya tambayi mutanen gida, kamar a ƙofar masallaci muka haɗu, ya koma motarsa. Ni da nake taƙama da karanta fuskar mutane, na dubi tasa ban ga ko harafi ɗaya ba. Ban koma teburin ba. Na zauna a kan dakalin siminti har biyar ta yi, hana-sallar tana hannuna, ina tunanin yarinyar da ba ta san komai ba.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba, duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya tare ni wajen takalma, ya ja ni gefe. Ya ce shi ma abin ya dame shi, domin amana aka ba shi, kuma ɗan marigayi wansa ba abin wasa ba ne. Ya ce ba ya ganin kansa wani waliyyi, tun da shi ke kwasar mutane yana kai su wurin, amma shi iyakarsa filin mota. Ya ce da farko ya yi niyyar kiran Zariya a daren nan ya ce a janye. Abu ɗaya ne ya riƙe masa hannu, wai da ya ga na miƙe raka'a ta uku maimakon in sallame a ta biyu, ya san mutumin da ke gabansa bai halatta wa kansa abin da yake yi ba. Daga nan ya kama hannuna kamar zai yi ban kwana, na ji ya danna min ƙwandalar a tafi. Ya ce wannan aba wuri ɗaya take ciyuwa a duk duniya, kuma ya yi musaya da Kofi, daga yanzu shi zai riƙa jan motar Laraba ta Bronx. Zai ba dangi amsa ranar Sallah.

Ka ga inda nake. Bai ce ya fasa ba, bai ce ya yarda ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ni na ja, Humaira ce a tsakar fili. In aka janye, ba wanda zai faɗa mata dalili, sai dai a ce Allah bai yi ba. Za ta zauna tana binciken kanta, ko Hausarta ce da ba ta nuna ba, ko aikin asibitin ne, ko wata magana ce ta faɗa wa ƙannen Tajuddeen. Kuma ka san mutanenmu a nan, ba mu da yawa. Maganar da aka yi a Tremont da safe, kafin Magariba ta iso Morrisania. Wa zai sake aiko mata?

Laraba biyu ke nan ban je ba. Na ce wa Rabi an daina ƙarin aikin, ta dube ni ta ce to madalla, ta mayar da kwanon cikin kabad. Yadda ta faɗi madallar nan bai bar ni na yi barci ba, kuma har yau ban iya tambayarta ba. Da na so in ce maka abin ya fita daga raina, amma na gaji da ƙarya. Larabar farko na wanke banɗaki, na gyara ƙofar kabad da ba ta lalace ba. Ta biyu na fita yawo, na hau na sauka matakalan unguwar nan masu kashe gwiwa, ban ankara ba sai ga ni a kwanar da bas ke tashi, ƙarfe tara da kwata, ina hango shi daga bayan wani shago. Ƙwandalar tana aljihuna. Shaiɗan yana ce min ai ba wasa za ka yi ba, canzo ta kawai za ka yi ka rabu da ita. Har akwai wata motar da ke tashi daga Manhattan, wadda Malam Tamimu bai san direbanta ba, kuma na san lokacin tashinta. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni, Yaya, ba Malam Tamimu ba. Gobe Laraba, saura huɗu kafin Sallah.

Abin da nake roƙo uku ne, ko in ce biyu, don faɗan da za ka yi min ba sai na roƙa ba. Ka kira ni duk Laraba ƙarfe tara na nan, ka riƙe ni da hira har goma ta wuce, ko labarin rikicin gonar Batagarawa ne ka maimaita min, zan saurara. Sannan ka sa ni a addu'a da sunana, ba a cikin jam'i ba.

Ka gaishe min da Yaya Iyatu, ka ce mata man zafin yana cikin kayan Souley. Ka gaida Umar Farouk da amaryarsa, da Sulaimanu, da Inna ta Ƙofar Soro in ka leƙa, Allah ya ƙara mata lafiya. Rabi tana gaishe ku. Humaira ma tana gaida Baffanta ƙwarai. Ɗazu ta shigo ta same ni ina rubutu, ta yi dariya ta ce wa ke rubuta wasiƙa a wannan zamani. Da ta ji kai ne, ta ruga ta yanko ƙyallen atamfar da ta zaɓa ta anko, ta ce in saka a ciki, a nuna wa Yaya Iyatu ko za a samu irinta a kasuwa.

Za ka ji ƙyallen da nauyi. Jar ƙwandalar ce na naɗe a ciki, don in ta kwana a gidan nan ban amince da kaina ba. Ka ba Yaya Iyatu ƙyallen, ka riƙe ƙwandalar. In Allah ya sa aka ɗaura, ka jefa ta a tsohuwar rijiyar bayan gida. In kuwa aka janye, kada ka rufa min asiri. Ka kira Humaira da bakinka ka faɗa mata komai, don gara ta rasa ganin girmana da ta yi zaton laifinta ne.

Wassalam.

Ƙaninka,
Alkasim